Ya Durƙusa a Kicin Ɗin Kaka, Amma Ba Don Ni Ba

Kafin ku sake yi mini caa a ƙasan rubutun nan kamar makon jiya, ku bari in faɗi abin da ya faru ranar Lahadi tukuna. Wata a cikinku ta rubuto, "Ke Tuva ba ki da godiya, kin samu namiji mai wanke kwano kina ta yanga." Na ji. Gyara zama, 'yar uwa.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ku kira ni Tuva. Sunayen da za ku gani duk na canza su, har da na garin, kada wani ya wahalar da kansa da taswira. Shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a kantin magani ɗaya tilo na garinmu, Hallvik, a tsakiyar Sweden, kuma har yanzu a gidan iyayena nake kwana, a ɗakin da ko labulensa ba a canza ba tun ina makarantar sakandare. Garinmu ba shi da komai sai tafki da coci da gawa guda ɗaya. Gawar ce arzikinmu.

A watan Agusta na 1986 aka tsinci Sixten Aronsson, direban motar madara, kwance cikin kwalekwale a tsakiyar tafki, an fasa masa ƙeya. Ko ɗigon jini babu a cikin kwalekwalen. 'Yan sanda suka ce ke nan ba a nan aka kashe shi ba, kawo shi aka yi. Suka yi shekara biyu suna kai da kawo, suka tattara takardunsu suka koma birni. Daga ranar mutanen Hallvik suka karɓi aikin. Wa ya kashe shi, wannan bai cika damun kowa ba. A ina aka kashe shi, nan rigimar take. Akwai 'Yan Gada, masu cewa a kan tsohuwar gada aka buge shi. Akwai 'Yan Katako, masu rantsuwa cewa a gidan yankan katako ne. Kowane ɓangare da ranar taronsa, da teburinsa a shagon kofi. An taɓa fasa baiko a garin nan a kan wannan magana, ba raha nake ba.

Babana, Rune, shi ne shugaban 'Yan Gada. A falonmu, inda hoton aurensa da Mama ya kamata ya zauna, taswirar tafki ce ta cinye bango, ga ƙusoshi, ga jan zare ya sarƙe kamar saƙar gizo. Hoton auren yana bayan firji. Duk watan Agusta sai ya cika buhu da dankali kilo tamanin, ya ja shi daga kan gada zuwa bakin ruwa, agogo a hannu, don ya nuna wa duniya mutum ɗaya zai iya jan gawa cikin minti bakwai. Mu kuma mu yi wata guda muna cin dankalin da ya sha ja a ƙasa.

Sai ga Hampus.

A watan Mayu ya zo daga birnin Gothenburg, da jakar goyo da wata na'urar ɗaukar magana mai gashi kamar mushen kyanwa. Shiri yake naɗawa yana sakawa a intanet, kan kisan da ba a gano ba. Maganin cizon sauro ya shigo saye wurinmu. Dogo ne, mai tabarau, gemunsa a gyare, in yana saurarenka sai ka ji kamar duk duniya kai kaɗai ne mai magana. Ba zan ɓoye muku ba, na kamu. Wata biyu muna tare, in saƙonsa ya shigo har kunnena zafi yake.

Mama kuwa, Gunvor, ta riga ni kamuwa.

"Yaron nan takalminsa yake cirewa tun daga waje," in ji ta ranar Asabar, tana guga. "Kuma ya ƙara abinci sau biyu. Me kike jira?"

"Mama, wata biyu ne fa."

"Ni a shekarunki na yaye ki. Ko so kike ki tsufa a bayan kanta kina miƙa wa tsofaffi maganin basir?"

Baba ya ɗago daga jarida. "Ni tambaya ɗaya gare ni. Ɗan Gada ne ko Ɗan Katako?"

"Ya ce bai yanke ba tukuna."

"Namijin da ya yi wata biyu a garin nan bai yanke ba, a kula da shi."

A yammacin nan saƙon Hampus ya shigo: "Gobe a gidan Kakarki ne abincin ko? Ina da wani abu mai muhimmanci da nake son yi a can. Na daɗe ina shiri."

Na karanta sau shida. Kuskurena ɗaya, na bar wayar a kan tebur na tafi banɗaki. Ina dawowa na tarar da Mama tsaye, hannu a ƙirji, ido ya kawo ruwa.

"Zobe ne," ta ce. "Rune, zobe ne! Ka aske gashin hancinka."

Ranar Lahadi na saka doguwar rigata ruwan ɗorawa mai ƙananan fararen furanni, wadda nake ɓoyo don bikin mutane. Mama ta maƙala mini 'yan kunnenta na azurfa, ta sa na sake gyaran gashi sau biyu, ta ce farcena ya zama a shirye saboda hoto. Ta toya kek mai hawa uku. Baba ya saka kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita.

Kaka Majken, mahaifiyar Baba, shekararta tamanin da biyu, ita kaɗai take zaune a jan gidanta na katako a can ƙarshen hanya, kusa da tafki. Ba ta da yawan magana. A duk Hallvik ita kaɗai na sani da ba ta da ɓangare. In aka ɗauko zancen Sixten sai ta tashi ta ɗora kofi. Kicin ɗinta tsaf, murhun ƙarfe na icce, labule fari mai bakin leshi, da doguwar dardumar tsummoki da ta saƙa da hannunta shimfiɗe daga ƙofa har gaban murhu.

Hampus ya iso da furanni da farar riga. Ya cire takalmi tun daga waje, Mama ta zungure ni da gwiwar hannu. Muka ci dunƙulen nama da sabon dankali da miyar kirim ɗin madara. Ya yaba, ya ƙara. Amma na lura idonsa ba ya kaina, ba ya kan faranti, ƙasa yake ta kallo. Na ce a raina, kunya ce, bawan Allah.

Da aka kawo kek da kofi, sai ya ajiye cokali, ya goge baki, ya miƙe tsaye.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Na kasa jira."

Ya zagayo tebur ya zo daidai gabana. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Ya sa hannu a aljihu.

Mama ta saki ƙara ta ɗaga waya. Ni kuwa zuciyata kamar ta faɗo cikin kofi. Na miƙa hannun hagu, masu karatu, na miƙa shi, farce a gyare.

Abin da ya fito daga aljihun, tef ɗin awo ne.

Ya kama gefen dardumar Kaka ya yaye ta. A ƙarƙashi, a jikin katakon daɓe, akwai wani tabo baƙi-baƙi, faɗinsa kamar faranti. Ya shimfiɗa tef a kai, ya ciro waya, ƙyas, ƙyas.

"Na sani!" ya ce. "Tun ranar da na fara shigowa na ga dardumar ba ta dace da tsakiyar ɗakin ba. Majken, wannan tabon, tun yaushe yake nan?"

Hannuna yana nan a sama. Ban san yadda ake mayar da hannu irin wannan ba, sai na yi kamar gashina nake gyarawa.

"Ina zoben?" in ji Mama, wayarta har yanzu tana ɗauka.

"Wane zobe?" Ya dube ta, ya dube ni, da gaske bai gane ba. "Ku saurara. Kowa ya ɓata shekaru a kan gada da gidan yankan katako. Amma gidan nan ne zangon ƙarshe na motar madara. Daga ƙofar kicin ɗin nan zuwa bakin ruwa taku ɗari huɗu da goma sha biyu ne, duk gangara, babu maƙwabcin da zai hango. Na ƙirga."

"Yaushe ka ƙirga?" na tambaya.

"Ranar da muka sauka tafki tare."

Na tuna ranar. Hannuna cikin nasa, rana na faɗuwa a kan ruwa, leɓɓansa na motsi a hankali. Na ɗauka kalmomin da zai faɗa mini yake haɗawa. Ashe lissafi yake.

Kaka ta kurɓi kofinta. "Tukunyar 'ya'yan itacen daji ce ta kife mini ina dafa su da sukari. Shekarar da aka haifi yarinyar nan. Mayar mini da darduma."

"Haka kowa zai ce," in ji Hampus, da murmushin nan nasa na mai fahimta. "Ba zarginki nake ba. Tambaya kawai nake."

Na juya wajen Baba, ina jiran aradu. Mutumin da ya taɓa jifan wani Ɗan Katako da burodi a shagon kofi. Amma sai ya ƙura wa tabon ido, fuskarsa ta yi fari kamar labulen Kaka. Can ya ce, a hankali, "A gada ne. Kowa ya san a gada ne."

"Da girmamawa, Rune, buhun dankali ba hujja ba ne."

"Tashi daga ɗakin uwata."

Hampus ya fita baranda, wai zai ba mu wuri mu huce. Mama ta zauna ta fara yanka kek ɗin da ba wanda ya nema, tana cewa, "Wataƙila zoben yana ɗaya aljihun. Maza haka suke, sai sun gama da abin da ke ransu."

Ko minti ashirin ba a yi ba wayar Baba ta fara ƙara kamar an taka wutsiyar kare. Akwai wani zaure a intanet na masu binciken gawar Sixten, mutum dubu huɗu da wani abu, yawancinsu ko hanyar Hallvik ba su sani ba. Baba ya duba, ya turo mini wayar a kan tebur.

Hoton daɓen Kaka ne, da tef a kai. A gefen hoton ƙafafunta sun fito cikin silifas ɗinta na ulu. A sama Hampus ya rubuta da manyan baƙaƙe: "WURI NA UKU. Me tsohuwar gidan nan ta sani?"

Sharhi ya riga ya wuce ɗari.

"Jini ne, ni ma'aikacin mahauta ne, na san jini."

"Ku dubi yadda ta haɗe ƙafafu. Mai gaskiya ba ya zama haka."

"Wa ke da adireshin? Ina da hutu ranar Laraba, zan zo da karena."

"Ƙarya ne, 'Yan Gada ne suka ɗauko shi haya don su rufe maganar katako."

Na fita baranda da wayar a hannu. Yana zaune a kan matakala, yatsunsa na gudu a kan tasa wayar, fuskarsa na haske kamar yaron da aka saya wa keke.

"Goge shi," na ce.

"Tuva, kin ga yawan mutanen da suka shigo? Ban taɓa samun irin wannan ba."

"Kakata ce. Shekararta tamanin da biyu, ita kaɗai take kwana a gidan nan. Wani zai zo da kare ranar Laraba."

"Ban faɗi sunanta ba ai."

"Jan gida a ƙarshen hanyar madara. Gida nawa ne?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ko na goge, an riga an kwafa. Kuma gaskiya ba ta kowa ba ce. Sixten ya cancanci a san inda ya mutu."

"In tambaye ka. Ranar da ka shigo kantinmu, ka san jikar wace ce ni?"

Ya kife wayarsa a kan gwiwa.

"Da farko na sani," ya ce. "Amma daga baya abin ya zama gaske, wallahi ya zama gaske. Ana iya son mutum kuma ana bincike."

Abin haushin, na yarda da shi. Na ga a idonsa yana sona, daidai gwargwadon wurin da ya rage a zuciyarsa bayan an cire tafki da kwalekwale. Na ɗauko takalminsa daga bakin ƙofa na ajiye masa a cinya.

"Taku nawa ne daga nan zuwa tashar bas?"

"Tuva..."

"Je ka ƙirga."

Ya tafi, yana waiwaye. Ban yi kuka ba sai da ya sha kwana, shi ma kaɗan, saboda kwalliyar idon ta Mama ce mai tsada.

Da na koma ciki, Baba ya riga ya fice ta ƙofar baya, ya ce zai taka zuwa gida. Mama ta bi shi da sauran kek a hannu, tana ce mini, "Kada ki yanke hukunci cikin fushi, irinsu ba su da yawa a garin nan." Aka bar ni da Kaka. Ta mayar da dardumarta, ta daidaita gefen da ƙafa, ta wanke kofuna. Sannan ta ɗauko almakashi ta fita lambu, ta yanko furanni shuɗaye cike da hannu.

"Ɗauko makullin mota," ta ce. "Za ki kai ni wani wuri."

Muka hau hanya. A mararraba na rage gudu, don dama gada ce, hagu gidan yankan katako.

"Miƙe," in ji ta.

A bayan coci ta sa na tsaya. Ta wuce kabarin mijinta, Kakana, ba ta ko rage tafiya ba, ta nufi can ƙarshen maƙabarta, jikin katangar dutse. Wani ƙaramin kabari ne, ciyawarsa a gyare, da kwalbar furannin da suka fara yaushi. Sunan Sixten Aronsson ne a jiki. Na girma ina jin sunan nan safe da yamma, amma ban taɓa sanin inda yake kwance ba.

Ta zubar da tsofaffin furannin, ta sa sababbi, ta miƙo mini kwalbar in ɗebo ruwa a famfo.

"Mutum dubu huɗu, ko?" ta ce da na dawo. "Shekara talatin da takwas ina zuwa nan duk sati. Ban taɓa haɗuwa da ko ɗaya daga cikinsu ba. Nan babu abin aunawa."

"Kaka, kin san shi sosai?"

"Tsoron ruwa yake. Ko wanka a tafki ba ya yi. In yana tuƙi yana waƙa, muryar kamar ana jan kujera. Duk ranar Juma'a sai ya ajiye mini kwalbar kirim ɗin madara a bakin taga, ya ce rara ce, ba ta cikin lissafi." Ta ɗan yi murmushi. "Kakanki ba mutum ne mai sauƙi ba, Tuva. A shekarun nan, in ka cire Sixten, ba na jin akwai wanda ya taɓa tambayata ya na kwana."

Iska na kaɗa rigata ruwan ɗorawa, ni da na yi ado don zobe.

"Saurayin naki ba wawa ba ne," ta ci gaba. "Tabon dai na 'ya'yan itace ne, wannan ya yi shirme. Amma ranar, Sixten ya sha kofi a kicin ɗina. Ƙarfe biyar na yamma ya fita, da ƙafafunsa, yana dariya. Kakanki yana rumbun ajiye kwalekwale a bakin ruwa, ya aiko a ce masa ya biya ta can."

"Wa ya aiko?"

Ta sunkuya ta cire wata ciyawa da ba ta dame kowa ba.

"Rune. Shekararsa goma sha bakwai lokacin."

"Kin faɗa wa 'yan sanda?"

"Sun tambaye ni ko na ga baƙuwar mota. Na ce ban gani ba. Ban gani ba kuwa." Ta miƙe da ƙyar, ta dafa kafaɗata. "Washegari da sassafe ina hura murhu, ubanki ya shigo jiƙe sharkaf tun daga gashi har safa, leɓɓansa sun yi shuɗi, kamar wanda ya yi iyo daga nesa. Na ba shi tawul. Ban tambaye shi ba, bai faɗa mini ba. Kakanki ya mutu bai ce uffan ba. Sati bai cika ba Rune ya fara gaya wa mutane ya ji ihu daga wajen gada."

"Gada tana can ɗaya gefen tafkin," na ce.

"Nesa da gida, ƙwarai." Ta karkaɗe ƙasa daga hannunta. "Ina kallonsa duk shekara yana jan buhun nan, gari na yi masa dariya. Ni ban taɓa dariya ba."

Na mayar da ita gida. Na ce zan kwana wurinta saboda masu kare, ta ce in je in ɗauko kayana tukuna. A hanya saƙon Hampus ya shigo har uku. "Na goge." Sai, "Ina sonki, ki yarda." Sai na ukun, "Amma ki tambaye ta ko akwai rumbu a bakin ruwa a da. A tsohuwar taswira na ga alamar gini."

Ban amsa ba. Na ajiye mota a ƙofar gidanmu, rana ba ta ko yi niyyar faɗuwa ba. Mama tana sama, ina jin ta a waya tana gaya wa ƙanwarta cewa an ɗan ɗaga maganar ne kawai.

Baba yana falo, har yanzu da kwat ɗin jana'izar a jikinsa. Yana tsaye gaban taswirarsa, ya juya mini baya, yana zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a kofin shayi. Jan zaren ya zubo ƙasa ya taru a kan ƙafafunsa.

Bai juyo ba.

"Ina kuka je da Inna?" ya ce.